RA'AYI: Tauye mudun da ido ba ya gani a cikin buhun fulawa

A jikin buhun fulawa da kwalin sukari da jarkar man girkin da kamfanonin ƙasar nan ke fitarwa akwai wani ɗan tambari mai siffar ido. Kaɗan ne daga cikin masu saye ke lura da shi, a cikin masu lurar ma ba kowa ya san ma'anarsa ba. Tambarin alkawari ne: kamfanin da ya buga shi yana shaida wa mai saye cewa ya zuba bitamin A a cikin kayan, daidai gwargwadon da doka ta tanada. Tun shekarar 2002 Najeriya ta wajabta ƙara wannan sinadari a fulawa da garin masara da sukari da man girki, bayan da tun farkon shekarun 1990 aka wajabta zuba aidin a gishiri. Ƙa'idar fulawa ma ta wuce bitamin A, domin ta haɗa da sinadarin ƙarfe da zink da folik asid da wasu bitamin na rukunin B.

Doka ce mai kyau, kuma tana cikin 'yan tsirarun manufofin gwamnati da ke iya isa ga talaka ba tare da ya cike fom ko ya bi layi ko ya san wani babba ba. Duk wanda ya sayi burodi a Mararaba, ko gurasa a Jakara, ko ya karya kumallo da fanke a tashar mota, ya kamata a ce ya samu rabonsa. Sai dai cikar alkawarin ta rataya ne a wuyan wata 'yar na'ura da ba ta kai girman duro ba, wadda ke zaune a wani lungu na masana'anta tana barbaɗa garin sinadarai a kan fulawar da ke wucewa. Idan ta toshe, ko aka rage mata gudu, ko aka kashe ta da tsakar dare, to an tauye wa mai saye mudu ta hanyar da ba zai taɓa ganewa ba, tambarin idon kuma yana nan daram a jikin buhu. Shekara fiye da ashirin bayan kafa dokar, lokaci ya yi da hukumomi za su mayar da hankali kan wannan na'ura, su wajabta irin wadda ke auna abin da take zubawa, take tsayar da aiki idan ta samu tangarɗa, take kuma ajiye lissafi.

Kafin a gane dalilin da ya sa wannan aiki ya fi ƙarfin hannu da cokali, sai an dubi ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Ƙa'idar fulawa ta Najeriya ta nemi miligiram 40 na sinadarin ƙarfe a kowane kilo, wato giram biyu kacal a buhu mai kilo 50. Folik asid miligiram 2.6 ne a kilo, abin da ya kama miligiram 130 a buhu, nauyin 'yan ƙwayoyin shinkafa da ba su kai goma ba. Bitamin B12 kuwa miligiram ɗaya ne tak a buhu guda, bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Kuma ana so wannan ɗan abu ya bazu a cikin buhun baki ɗaya, ta yadda matar da ta auni gwangwani ɗaya daga saman buhu da wadda ta auna daga gindinsa za su samu rabo iri ɗaya.

Saboda haka ne ake fara cuɗa sinadaran da wani gari mai ɗaukarsu, kamar sitaci, a samar da haɗin da masu sana'ar ke kira firimis. Ko shi ɗin ma 'yan ɗaruruwan giram ake zubawa a kowane tan na fulawa, gwargwadon ƙarfin haɗin. A ɗauka masana'anta tana niƙa fulawa tan 500 a kwana, tana kuma zuba giram 500 na firimis a kowane tan. Wannan na nufin a kowace awa kusan tan 21 ke wucewa, a kowane minti ana bukatar kimanin giram 174, a kowace daƙiƙa kusan giram uku, dare da rana ba tsayawa. Idan na'urar ta toshe na awa ɗaya ba a ankara ba, buhu fiye da 400 sun fita fayau, an ɗinke su, an loda su a tirela. Kafin gari ya waye sun kama hanyar Kasuwar Singa ko Onica, babu kuma wanda zai iya bambanta su da sauran.

Hanyoyin zuba firimis ba ɗaya ba ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne zuciyar maganar. Mafi sauƙi ita ce a auna da sikeli a zuba da hannu a cikin tukunyar cuɗawa, kamar yadda ƙananan masu haɗa abincin kaji ke yi. Wannan na yiwuwa idan aikin zubi-zubi ne, amma ya dogara kacokan a kan cewa ma'aikaci bai manta ba, bai yi gyangyaɗi ba, bai zuba sau biyu ba, bai kuma karkatar da rabin ledar zuwa wani wuri ba. Sai hanya ta biyu, wadda ita ce aka fi sani a masana'antun fulawa: mazurari ne ake cikawa da firimis, a gindinsa akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe irin wanda ke tura hatsi a cikin injin markaɗe, yana juyawa a hankali yana tunkuɗo garin kaɗan-kaɗan. Ana daidaita yawan abin da ke fita da saurin juyawar ƙarfen. Na'ura ce mai arha da ƙarko, amma makauniya ce. Juyi take ƙirgawa, ba ta san nauyin abin da ya fita ba. Idan damshin damina ya sa garin ya dunƙule ya yi rumfa a cikin mazurarin, abin da ba baƙo ba ne a wuri mai laima irin Apapa ko Fatakwal, ƙarfen zai ci gaba da juyawa a banza, fitilarsa na nuna cewa komai lafiya, alhali ko ƙura ba ta faɗowa. Haka kuma idan fulawar ta ragu ko ta tsaya, ita ba ruwanta, za ta ci gaba da zubawa. Shi ya sa a masana'antar da ta san abin da take yi ake tara abin da na'urar ta fitar na tsawon minti ɗaya, a auna shi a sikeli, a maimaita haka sau da yawa a kowane zango na aiki, a rubuta a littafi. Littafin kuwa, kowa ya sani, ana iya cike shi a zaune a ofis ranar da aka ji masu duba suna tafe.

Hanya ta uku ita ce na'urar da aka ɗora baki ɗayanta a kan sikeli mai aiki da lantarki. Tana auna yadda nauyin mazurarin ke raguwa daƙiƙa bayan daƙiƙa, tana kwatanta shi da nauyin fulawar da ke wucewa, tana ƙara gudu ko ta rage da kanta. Idan nauyin ya daina raguwa ta san an samu toshewa, sai ta yi ƙara. Idan kuma aka ɗaure wutarta da ta layin fulawar, to ba ta zuba sai fulawa na tafiya, fulawa kuma ba ta wucewa zuwa wurin ɗinki sai tana zubawa. A man girki famfo ne mai awo ke yin wannan aiki, a gishiri kuma feshin ruwan aidin ne, amma hikimar ɗaya ce. Babu wani sabon abu a nan. Masu haɗa magunguna da masu yin robobi da fenti sun daɗe da komawa ga irin waɗannan na'urori, saboda su idan awo ya kauce kayansu ne ke lalacewa, asarar kuma aljihunsu take shiga nan take.

To a nan gizo ke saƙa. Idan mai yin fenti ya rage launi, mai saye zai gani a bango. Idan mai gidan burodi ya rage yis, burodin ba zai tashi ba. Amma fulawar da babu bitamin A a cikinta fara ce sol kamar 'yar'uwarta, ɗanɗanonsu ɗaya, burodinsu ɗaya. Asarar ba ta bayyana a littafin kamfani, tana bayyana ne bayan watanni ko shekaru a jikin wani yaro a Gumel ko Gwoza, inda babu mai iya danganta ta da wani buhu. Kuɗin firimis ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka kwatanta da kuɗin alkama, amma idan aka ninka shi sau miliyoyin buhuna ya zama abin da akanta zai ɗaga gira a kai, musamman da yake sinadaran daga waje ake shigo da su da dala. Kamfanonin da ke yin bitamin A a duniya 'yan ƙalilan ne, har ta kai gobarar da ta tashi a wata masana'antar BASF da ke Ludwigshafen a Jamus a watan Oktoban 2017 ta sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a ko'ina. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuma, duk abin da ake saye da dala ya ninka. A irin wannan yanayi kamfanin da ke zubawa cikakke shi ke ɗaukar nauyin da abokin gasarsa ya sauke, kuma kasuwa ba ta saka masa da komai. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba. Tsari ne da ke hukunta mai gaskiya, irin wannan tsari kuwa ba ya gyaruwa da wa'azi.

Abin da ke cikin hatsari ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yaran da ke tsakanin wata shida da shekara biyar suna fama da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna da hannu a ƙarancin jini, kuma tsumburewa tana da iyaye da yawa. Amma ƙarancin sinadarin ƙarfe da zink da bitamin A na cikin manyansu. Rashin bitamin A ne ke kawo dundumi, yake kuma raunana garkuwar yaro har ƙyanda ko gudawa su yi masa kisan da ba za su yi wa ƙosasshe ba. Folik asid kuwa lamarinsa ya fi kowanne gaggawa, domin ana bukatarsa ne a makonni huɗun farko na ciki, lokacin da lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa, galibi kafin mace ta san ma tana da juna biyu. Kwayar da za a ba ta a awon ciki a wata na biyar ihu ne bayan hari. Amurka ta wajabta zuba shi a gari a 1998, Afirka ta Kudu a 2003, kuma a ƙasashen biyu an ga raguwar kusan kashi ɗaya cikin uku na jariran da ake haifa da ɓarakar ƙashin baya da makamantanta. Wannan ne abin da miligiram 130 ɗin nan ke saye.

Awon yana da baki biyu, kuma ya kamata a faɗi wannan ƙarara. Yadda ƙarancin sinadari ke cutarwa haka yawansa ke yi. Tsakanin 1985 da 1991 wani kamfanin madara a yankin Boston na Amurka ya riƙa zuba bitamin D ba bisa ƙa'ida ba. Da aka gwada madarar, wata ba a samu komai a cikinta ba, wata kuma an samu fiye da ninki 500 na abin da aka rubuta a jikin kwalba. An gano mutum 56 da abin ya yi wa illa, biyu suka mutu. A ƙasar da ke da dakunan gwaje-gwaje birjik ke nan, amma aka shafe shekaru kafin likitoci su gano bakin zaren. Na'urar da ke auna kanta kariya ce daga ɓangarorin biyu.

Shin ana bin dokar a nan gida? Wani bincike na ƙasa da aka buga a 2013 ya gano cewa a cikin samfuran fulawa da sukari da man girki da aka gwada, waɗanda suka cika ƙa'idar bitamin A ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a sukari da mai ma abin ya fi haka muni. An yi yunƙurin gyara bayan nan. A 2018 an tara shugabannin manyan kamfanonin abinci a Legas, ƙarƙashin jagorancin Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, tare da gidauniyar Aliko Dangote da ta Bill Gates, suka yi alkawarin gyarawa. A 2021 aka ƙaddamar da wani ma'auni da ke jera kamfanoni bisa yadda suke cika ƙa'ida, kuma masu shirin sun ba da rahoton samun ci gaba sosai, musamman a fulawa da sukari. Abin a yaba ne. Sai dai shiga wannan ma'auni ganin dama ne, wani ɓangare na makin kuma ya dogara da abin da kamfani ya faɗa game da kansa. Gyaran da ya tsaya a kan kunyar manyan mutane da kuɗin masu ba da agaji yana iya zamewa ranar da taron ya watse ko dala ta sake tashi.

Yadda aka raba aikin sa ido a yanzu, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke shiga masana'antu, NAFDAC ke duba kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, kuma ke kula da ɓangaren mai amfani da kaya. Ginshiƙin aikin duka shi ne ɗibar samfur a kai ɗakin gwaji. Wannan hanya tana da rauni iri biyu. Na farko, samfur yana ba da labarin buhu ɗaya ne a rana ɗaya, gwajin bitamin A kuma yana da tsada da jinkiri, kafin sakamako ya fito an cinye fulawar. Akwai gwajin gaggawa na sinadarin ƙarfe, inda ake ɗiga wasu ruwaye a kan gari a ga jajayen ɗige-ɗige sun fito, amma shi yana nuna akwai ne ko babu, ba ya faɗin nawa. Rauni na biyu ya fi tsanani. Bitamin A ba ya jure rana da zafi da iska. Man da ya bar masana'anta cikakke, idan aka juye shi a duro, aka ɗura a farar gorar ruwa, aka jera a rana a bakin titi na mako biyu, yana iya rasa kaso mai yawa na abin da ke cikinsa. Idan jami'i ya ɗebi irin wannan samfur ya tarar ba ya da ƙarfi, kamfani zai ce rana ce, ɗan kasuwa zai ce haka ya saya, a tashi baram-baram babu mai laifi. Idan ma aka yi kamen, ɗan tireda ake kamawa, an bar jaki ana dukan taiki.

Lissafin na'ura shi ke raba wannan gardama. Masana'antar da ta fitar da tan dubu goma na fulawa a wata, tana zuba giram 500 a tan, dole ta ci tan biyar na firimis. Rasiɗin sayen firimis yana nan, takardun kwastan suna nan, abin da ya rage a sito ana iya auna shi, adadin fulawar da aka sayar kuma hukumar haraji ta san shi. Idan aka haɗa wannan da bayanan da na'urar ke ajiyewa minti bayan minti, jami'i ɗaya da kwamfuta zai iya ganin aikin wata guda cikin awa ɗaya, ya ga daren da aka kashe ta da awannin da ta yi a toshe. Gwajin samfur ba zai ɓace ba, zai koma matsayin tabbatar da cewa firimis ɗin kansa na kirki ne, domin na'ura mai gaskiya za ta zuba garin banza da aminci idan shi aka ba ta.

Abin da ya sa wannan mai yiwuwa ne shi ne masana'antun ba su da yawa. Olam ta sayi kamfanin fulawa na Dangote a 2019, Flour Mills of Nigeria ta sayi mafi yawan hannun jarin Honeywell a 2022, saboda haka kusan duk fulawar ƙasar nan daga hannun 'yan kamfanoni take fitowa. Tace sukari ma tsakanin Dangote ne da BUA da Flour Mills. Ana iya ƙorafi a kan wannan ta fuskar farashi da gasa, amma ta fuskar sa ido rahama ce, domin wuraren da ake bukatar tsarewa 'yan gomomi ne. Darasin gishiri ke nan. Dalilin da ya sa shirin aidin ya yi nasara har maƙoƙo, wanda a da ake gani a wuyan mata a kasuwannin ƙauye da dama, ya zama abin da matasan yau ba su cika sani ba, shi ne kusan duk gishirin ƙasar ta ƙofofi kaɗan yake bi, aka kuma tsare ƙofofin.

Za a ce na'urar tana da tsada. Ga manyan kamfanoni wannan ba hujja ba ce, kuɗinta bai taka kara ya karya ba a masana'antar da aka gina da biliyoyi, kuma wasunsu sun riga sun mallake ta. Abin da ake nema a wurinsu shi ne a ɗaure ta da layi, a kuma buɗe bayananta ga hukuma. Ga matsakaitan kamfanoni, musamman masu tace man gyaɗa da na waken suya da masu ƙulla garin masara a Kano da Kaduna da Jos, tsadar gaskiya ce, kuma a nan ne gwamnati ke da abin yi. Bai dace ƙasa ta wajabta abu sannan ta tsaya a bakin tasha tana karɓar haraji a kan kayan aikin cika shi ba. A cire duk wani haraji daga kan na'urorin awo da kayan gyaransu da sinadaran firimis, a buɗe rance mai sauƙi ta Bankin Masana'antu. Mazurari da murɗaɗɗen ƙarfe da ɗan injin juyawa kuwa ba su fi ƙarfin Cibiyar Binciken Masana'antu ta Oshodi ko NASENI ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ba. Sikelin lantarkin ne kaɗai za a shigo da shi.

Za a kuma ce ɗan Najeriya ba ya rasa dabara, duk na'urar da aka kawo za a samu mai zagaye ta. Haka ne, an ga yadda ake yi wa mitar wuta. Amma akwai bambanci tsakanin mantuwa da haɗa baki. A yau, fitar da fulawa babu sinadari ba ya bukatar kowa ya yi komai, shiru kawai za a yi. Idan aka wajabta ɗaurin layi da ajiye bayanai, sai injiniya ya cire waya, akanta ya ƙirƙiri rasiɗi, manaja ya sa hannu. Laifin ya tashi daga sakaci ya koma zamba mai shaidu, wadda kamfani mai suna a kasuwar hannun jari zai yi tunani sau biyu kafin ya shiga. Batun wutar lantarki ma yana goyon bayan ɗaurin ne, domin a daidai lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta ne ƙaramar na'ura ke iya ƙin tashi alhali manyan injina sun ci gaba. Fargabar rasa aikin yi kuwa ba ta da gurbi a nan. Ba a taɓa ɗaukar ɗaruruwan mutane aikin barbaɗa firimis ba, abin da za a bukata ma ƙarin masu gyara ne da masu daidaita sikeli.

Babban giɓin yana wani wuri, kuma ya fi shafar Arewa. Tuwon da ake ci a mafi yawan gidaje ba daga masana'anta garinsa ke fitowa ba. Masara ce ko dawa ko gero da aka auno a kwano, aka surfa, aka ba yarinya ta kai injin niƙa na unguwa. Binciken da ƙungiyar GAIN ta yi a Kano da Legas a 2015 ya nuna cewa a Kano mafi yawan gidaje na amfani da garin masara, amma kimanin ɗaya cikin goma ne ke sayen wanda masana'anta ta ƙulla. Man da ake soya ƙosai da shi ma sau da yawa na gida ne ko na duro mara suna. Dokar 2002 ba ta san da waɗannan ba, kuma inda tsumburewa ta fi yawa nan ne hannunta ya fi gajarta.

A Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Sanku ta gwada cike irin wannan giɓi da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a bakin ƙaramin injin niƙa. Tana auna nauyin masarar da ke shiga, tana sakin firimis daidai da shi, tana kuma aika bayanan aikinta ta layin wayar salula, ta yadda idan ta tsaya ana gani daga ofis. Hikimar kuɗin ta fi ta na'urar burgewa: ƙungiyar na sayen buhunan zuba gari da yawa a farashin sari, ta sayar wa masu injin a farashin kasuwa, ribar ita ke biyan kuɗin firimis. Sai dai kada a yi saurin cewa a kwaso a dasa. Masu injin da Sanku ke aiki da su suna sayen masara ne su niƙa su ƙulla su sayar, ba kamar mai injin Fagge ko Tudun Wada ba da ke niƙa kwanon wannan ya juye ya karɓi na waccan. Ga batun amana kuma. Yankin da ya yi fama da jita-jitar allurar shan inna ba wurin da za a wayi gari a fara barbaɗa wani farin gari a hatsin mutane ba ne ba tare da an zauna da malamai da sarakuna da matan da abin ya shafa ba.

Inda za a fara shi ne inda gwamnati ce mai saye. Makarantun kwana, da shirin ciyar da ɗalibai, da sansanonin 'yan gudun hijira, da asibitoci, da barikoki, da gidajen gyaran hali suna cin dubban tan na gari da mai da shinkafa a shekara, ta hannun 'yan kwangila. A Kebbi an riga an gwada shinkafar da ake cakuɗa wa ƙwayoyi masu sinadarai, kimanin ɗaya cikin ɗari, tare da Hukumar Abinci ta Duniya, aikin da shi ma kacokan a kan na'urar awo ya tsaya. Idan gwamnatin jiha ta rubuta a takardar kwangila cewa ba za ta karɓi garin masara ko mai ba sai daga injin da ke da na'ura mai ajiye lissafi, kuma sai an haɗa takardar lissafin da takardar neman biya, matsakaitan masana'antu za su sayi na'urar da kansu, saboda a karon farko zuba sinadari zai zama hanyar samun ciniki. A matakin tarayya kuma gyaran bai bukaci zuwa Majalisa ba. SON ce ke rubuta ƙa'idojin masana'antu, ita ke ba da shaidar inganci, NAFDAC kuma ke sabunta rajistar kaya. Sakin layi ɗaya a cikin sharuɗɗan sabuntawa ya wadatar: na'ura mai auna nauyi, ɗaure da layi, da bayanan wata goma sha biyu da suka dace da rasiɗin firimis. A ba manya wa'adin shekara ɗaya, matsakaita shekara uku, wanda ya kasa kuma a cire masa tambarin idon daga buhu har sai ya cika.